Shawara ga masu lalurar gani da ke son aikin rediyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga duk mai lalurar gani da ke sha'awar aikin rediyo, shawarata ita ce kada ka tsaya ga gabatar da shiri kawai, ka koyi tace murya. Aikin kunne ne, kuma babu tashar da ba ta buƙatarsa.

A sa maka manhajar NVDA a kwamfuta, kyauta ce, ita za ta riƙa karanta maka abin da ke kan allo. Sai Audacity, ita ma kyauta, ana yanka murya a haɗa ta da maɓallan kibod. Ka ɗauki hirar minti biyar da wani mai sana'a a unguwarku, ka cire tari da yawan "to, to", ka daidaita ƙarar. Ita za ka kai tasha, ta fi doguwar takardar neman aiki tasiri.

Idan tashar gwamnati ce a Najeriya, dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a 2019 ta buƙaci a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ka ambace ta.

Masu tasha kuma, don Allah ku riƙa tura musu rubutun shiri ta waya da wuri, ba a takarda ba.