Yadda ake neman masauki mai ɗakuna daban da kicin in za a kai yara wurin wasa a ƙasar waje

Tun da munka dawo daga tafiyarmu ta biyu mata ke ta kirana, wasu har gida suke iske ni nan unguwar Gesse a Birnin Kebbi, wai in nuna masu yadda na kama masauki. Gida uku na taimaka ma zuwa yanzu, biyu daga ciki sai da sunka riga sunka biya kuɗi sannan sunka tuna da ni, kuma kuskuren da na yi a tafiyar farko shi sunka yi sak. Shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta. Maganar fasfo da biza da tikitin jirgi ba ni taɓa ta, wanda ya kai ga neman masauki ai ya san waɗannan.

Abu na farko, kafin ki taɓa waya, zauna ki ƙirga ƙofa nawa kuke bukata. Ƙofa na ce, ba kai ba. Mu bakwai munka tafi, ni da maigida, da Hajiya mahaifiyarshi, da yara huɗu, babbar tana da shekara 14, mai bi mata namiji ne 12, sai ƙanana biyu. Kin ga ke nan ƙofa uku, ko a matse biyu da falo, mu ɗaya, Hajiya da 'yan mata ɗaya, samarin su kwana falo. To ni lokacin ban yi wannan lissafin ba, na ga an rubuta wurin yana ɗaukar mutum bakwai, hotuna sun yi kyau, na biya. Munka isa wajen ƙarfe biyun dare a gajiye, yaron otel ya buɗe muna ƙofa, sai ga wani dogon ɗaki guda ɗaya, gadaje biyu manya a jere, gado mai hawa biyu a lungu, da kujera da ake janyewa ta zama gado, abin da ya raba su labule ne kawai, labulen ma bai kai bango ba. Hajiya ta tsaya bakin ƙofa da carbinta ta dubi ɗakin ta dube ni, ta ce "Nan za mu kwana duka?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Maigida bai ce uffan ba, ya ɗauki matashi ya sauka ƙasa wurin kujerun baƙi, nan ya kwana zaune. Washegari munka kama ɗaki na biyu da farashin ranar, kuɗin da na ware ma tsaraba kaf nan sunka tafi.

Na biyu, ki zaɓi wurin wasan tukun, sannan masauki ya biyo baya, kuma shekarun yaranki ne za su zaɓa maki. Yawancin mutanenmu Dubai ko Abu Dabi suke zuwa. A Dubai akwai Dubai Parks and Resorts da anka buɗe a 2016, ciki akwai Motiongate da Legoland da wurin wasan ruwansu, sai Real Madrid World da ya zo a 2024. Legoland don yara 'yan shekara 2 zuwa 12 anka yi shi, in kin kai saurayi ɗan 15 zai yini yana ɓata maki rai. A Abu Dabi kuma tsibirin Yas ne, Ferrari World tun 2010, Yas Waterworld, Warner Bros World da anka buɗe 2018, da SeaWorld 2023, duka kusa da juna. Ni dai Yas nake ce ma kowa, don uku daga cikinsu a rufe suke da sanyin esi. Kada ki ce ai mu 'yan Kebbi ne mun saba da zafi, zafin can na watan Yuli da Agusta, daidai lokacin dogon hutun yara, haɗe yake da gumi, ko numfashi da ƙyar, zafinmu na bazara busasshe ne ba su haɗa hanya ba. In da hali a bari sai hutun Disamba, sai dai kuɗin masauki kan tashi lokacin. Masu zuwa Maleshiya akwai Sunway Lagoon kusa da Kuala Lumpur da Legoland na Johor, abin da zan faɗa duk ya shafe su.

To yanzu ga inda ake faɗawa rami, kalmomin da suke rubutawa a shafukan kama masauki irin su Booking da Airbnb, da shafukan otel. Ki karanta nan sau biyu. In kin ga "family room", ɗaki ɗaya ne anka cika da gadaje, shi ne wanda ya kunyata ni. In kin ga "studio", shi ma ɗaki ɗaya ne, gado da kujera da wurin girki duk wuri guda. "Suite" kuwa ita ce babbar mayaudariya, wani wurin ɗaki da falo ne da ƙofa ta gaske a tsakani, wani wurin rabin bango ne ko wani allo da ake turawa, wanda ya yi tari can kina ji nan. Har manyan wurare haka suke, a Orlando ta Amurka akwai otel ɗin Universal mai suna Cabana Bay, nasu na iyali abin turawa ne ya raba gadaje da falo, kuma su ba ɓoyewa sunka yi ba, su a wurinsu ba komai ba ne uba da uwa da yara manya su kwana wuri ɗaya, mu ne abin ya dama. Abin da za ki nema shi ne inda anka rubuta adadin ɗakunan kwana ƙarara, "two bedroom apartment" ko "three bedroom". A wurin tacewa na shafin akwai inda ake zaɓen yawan ɗakunan kwana, ki sa 2 ko 3, ki kuma danna kicin, duk abin da ya ɓace daga jerin dama ba naki ba ne. Kuma ki sa shekarun yaran na gaskiya. Na san ana rage masu don kuɗi su sauka, amma a can sai an karɓi fasfon kowa kafin a ba da makulli, wurare da yawa kuma yaro ya wuce 12 babba suke lissafa shi, ƙaryar ba ta wuce teburin karɓar baƙi.

Akwai kuma ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, "connecting rooms". Yana yi in babu yadda za a yi, amma yawancin otel roƙo suke ɗaukar shi ba alkawari ba, sai ranar da kunka zo in akwai a ba ku. Wata ƙawata daga Argungu haka anka yi mata, ita da maigida hawa na 4, yara da ƙanwarta hawa na 9, ta kwana biyar tana zirga-zirga a lifta da kayan barci da hijabi. Ni ban yarda da shi ba sam.

Hotuna kuma ki daina kallon gado da fulawa, ƙofa za ki nema. Ki buɗe hoton falo ki ƙara girmanshi ki ga akwai ƙofofi masu mariƙi ko kuwa wani buɗaɗɗen wuri ne. Ki ƙirga banɗaki, mutum bakwai da banɗaki ɗaya ga alwalar asuba ga shirin fita, sai ƙarfe goma sha ɗaya ba ku bar gida ba. Biyu ne mafi ƙaranci. Hotunan da baƙi sunka ɗauka da wayarsu sun fi na otel gaskiya, suna can ƙasa wurin sharhi, kuma ki fara da sharhin waɗanda sunka ba da maki kaɗan.

Sai kicin. Nan ma kalma biyu ce, "kitchenette" da "full kitchen". Ta farkon ƙaramin firji ne da butar lantarki da na'urar ɗumama abinci, wani lokacin da wurin wanke kofi, ko indomi ba ki dafawa da daɗi balle tuwo. Ta biyun ce mai murhu da babban firji da tukwane. Ko a Disney World na Amurka haka abin yake, a gidajensu na Disney Vacation Club "studio" ƙaramin kicin gare shi, sai mai ɗakin kwana ɗaya ko biyu da falo ke da cikakken kicin da injin wanki. Kuma ki sani otel ɗin da ke manne da ƙofar wurin wasa, mai ado da zane-zanen da yara ke so, galibi ɗakin otel ne kawai ba wurin girki, kuɗin kusanci da ado kike biya. Masu kicin sai ki neme su da sunan "hotel apartment", a Yas misali akwai Staybridge Suites, irin wannan tsarin ne.

Me ya sa na nace da kicin? Hajiya ba ta cin abincinsu, kwana biyu tana shayi da burodi har ta fara jiri, yara kuma abincin cikin wurin wasa tsada gare shi ba kaɗan ba, mutum bakwai sau uku a yini sai ki ga kuɗin ci sun kamo na masauki. A tafiya ta biyu na tafi da shinkafarmu ta gida 'yar tiya biyu, garin tuwo, kuka, kuɓewa busassa, daddawa da yaji, da garin kunu, duka a roba mai murfi na naɗe da leda biyu biyu don daddawa in ta fashe cikin akwati kayanki sun gama yawo. Nama da kayan miya a can ake saye, manyan kantuna irin su Carrefour da Lulu ba abin da babu, naman kuma halal ne. Kilishi dai a bar shi gida in Amurka za a, ba su bari a shiga da nama. Muciya da maburgi ki sa cikin kaya, ba za ki same su a kicin ɗinsu ba, cokalin katakonsu kuma karyewa yake cikin tuwo, na gwada. Tukwanensu ƙanana ne, na mutum biyu, ni sai da na sayi babba guda, kuma in murhun irin mai gilashi ne da ke aiki da maganaɗisu, tukunyar dalma irin tamu ba ta ko ɗumi a kai, sai mai gindin ƙarfe, ki tambaya kafin ki saya.

Wani abu da ba wanda ya gaya mani, akwai na'urar jin hayaƙi a rufin ɗakin. Ranar farko na ɗora manja in soya albasa yadda na saba, na bar shi ya yi hayaƙi, sai wata ƙara ta tashi kamar jiniyar motar asibiti, ƙaramin ya fashe da kuka, Hajiya tana salati, ni ina fifita sama da faifan tukunya, sai ga ma'aikaci yana buga ƙofa. Ki kunna fankar da ke saman murhu kafin ki ɗora komai, ki rage wuta, manja kada ki bari ya yi hayaƙi. Busasshen kifi kuma ki jiƙa shi a roba mai murfi, warin yana bin esi har waje.

Kafin ki biya ki tura masu saƙo ta cikin shafin, ba ta waya ba, don ya zama a rubuce. Tambaya huɗu, ɗakin kwana nawa ne masu ƙofa da ake rufewa, banɗaki nawa, murhun mai kai nawa ne kuma akwai tukwane, sannan nawa ne jimillar kuɗi da duk haraji. In Turancin bai zauna ba ki ba ɗanki ya rubuta, ba abin kunya ba ne. Wanda ya amsa da kewaye-kewaye ki wuce shi. Amsar ki ɗauki hotonta ki ajiye.

Nisa kuma ki duba a taswirar Google da kanki, kada ki yarda da "kusa" da sunka rubuta. Mutanenmu suna son sauka unguwar Deira ta Dubai saboda kasuwa da 'yan uwa, amma daga Deira zuwa Dubai Parks kusan awa guda ce a mota, jirgin metro kuma bai kai ƙofar wurin ba, tasi ta yau da kullum mutum huɗu take ɗauka, ku bakwai sai babbar mota ko tasi biyu zuwa da dawowa, arahar da kinka samu a ɗaki ta tafi a hanya. Abin da nake yi yanzu raba kwanakin nake, huɗu kusa da wurin wasa, sauran kusa da kasuwa. A Yas akwai bas na kyauta da ke zagaya otel otel da wuraren wasan, da rana mukan dawo gida a ci tuwo a yi azahar a ɗan kwanta, sai dai ki tambaya a ƙofa ko tikitinku ya yarda a fita a dawo. Galibinsu ba su bari a shiga da abinci, ki ciyar da kowa ya ƙoshi kafin a fita.

Saura kuɗi, a gurguje. Ki zaɓi wanda ake iya sokewa kyauta ko da ya ɗan fi tsada, kada ki biya wanda ba a mayarwa sai biza ta fito a hannu. A Dubai akwai kuɗin yawon buɗe ido da ake karɓa a masauki, dirhami 7 zuwa 20 kowane dare gwargwadon darajar wurin, kuma kan kowane ɗakin kwana ake lissafawa, mai ɗaki uku sau uku ke nan. Akwai kuɗin ajiya da suke riƙewa sai ranar fita, a Airbnb kuma akwai na shara. Ki tambayi bankinki iyakar abin da katinki ke iya biya a waje tun da sauran lokaci. Wasu otel ɗin Yas suna haɗa ɗaki da tikitin shiga, ki lissafa duka biyun ki gani. Duk wanda ya ce ki tura kuɗi asusunshi ta WhatsApp zai rage maki, ki toshe shi. Shiga ɗaki sai wajen ƙarfe uku na rana, in jirginku da asuba zai sauka ki biya daren da ya gabata ki kuma gaya masu, in ba haka ba ku da tsohuwa da akwatuna kuna zaune a ƙasa har la'asar. Soket ɗin Dubai da Abu Dabi irin namu ne mai baki uku, caja ba matsala, buta dai ki sa guda biyu cikin kaya.