Darasi na 9: Ƙwaya, ɓera da ƙwaƙwalwa

Da damina, in ka biya wurin mai shayi a ƙauyukan Ringim da sassafe, ba ka rasa ɗan ƙwadago da zai ɓare tiramol ya jefa a kofi. Ka tambaye shi, sai ya ce, "Baba, don in ji ƙarfin noma ne." To, mu ga abin da ƙwayar ke yi a ciki.

Mu a rumbu muka san ɓera, yana ɓarnar gero. Masana kuwa a keji suke kiwonsa don gwajin magani. A 1973, Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka gano cewa a ƙwaƙwalwar ɓera akwai wasu wurare da irin waɗannan magunguna masu kashe ciwo ke maƙalewa. Ka ɗauke su kamar kwado, maganin kuma makulli. Mu ma muna da su. Mofin (maganin kashe ciwo mai ƙarfi), kodin da tiramol duk kwado ɗaya suke buɗewa.

In aka yi wa ɓera allurar mofin kaɗan, sai ya kama zirga-zirga a keji, ba hutu. Mai kallo sai ya ce ƙarfi ya samu. In aka ƙara masa da yawa, sai ya sandare. A ɗora ƙafafunsa na gaba a kan sanda, haka zai tsaya kamar gunki, numfashinsa na raguwa. Da an ba shi nalokzon, maganin da ke zare makullin, sai ya farfaɗo.

Abincin ƙwaƙwalwa sukarin jini ne. Akwai dabarar auna yawan wanda kowane sashe ya ci, kuma an ga bayan allurar mofin wasu sassa sun rage ci. Wato aikinsu ya ja baya. Ni a ganina ɗan ƙwadagon nan gajiyarsa na nan, ɗan aiken da ke kai labarinta ne aka rufe wa baki. Tiramol ma yana da wata ɓarnar, don in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Aiki: Rubuta jimla biyu a kan abin da za ka faɗa wa ƙanenka in ka ga ƙwaya a aljihunsa. Ka zo da su ranar Laraba.