Yadda ake sulhu a gida kafin addu'ar dare

Da farko a bari a ci tuwo. Mai jin yunwa ba ya sauraron kowa, balle wanda ya sha cunkoson Sabon Tasha a Kaduna kafin ya iso gida.

Sai a kashe talabijin, a ajiye wayoyi, a kunna kyandir. Baba ya buɗe da alamar gicciye, wani yaro ya karanta Matiyu 18:21-22, inda Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa.

Nan gizo ke saƙar. Mai laifi ya faɗi abin da ya yi da bakinsa: "Mama, na ɗaga miki murya da safe, ki yafe mini." Ban da "amma ai ba ni na fara ba". Da "amma" ta shigo, an koma gidan jiya. A ganina manya su fara. Yaron da ya taɓa jin babansa yana neman gafara ba ya jin nauyin yi.

Sannan a yi addu'ar Ubanmu tare, a ja a hankali wajen "ka gafarta mana", a bi da addu'ar A Gaishe Ki Maryamu sau goma.

In laifin mai nauyi ne, a je wurin Fada (limamin coci) ikirari, wato furta zunubi, kafin Lahadi.