Yadda gari zai tafiyar da intanet ɗin fiba na kansa, ya kuma faɗaɗa shi ba tare da bashi ya durƙusar da shi ba

A shekarar 2010 hukumar wutar lantarki ta birnin Chattanooga da ke jihar Tennessee a Amurka, wadda aka fi sani da EPB kuma mallakar birnin ce, ta sanar cewa kowane gida da kowane shago a yankin da take ba wuta zai iya samun intanet mai saurin gigabit ɗaya ta wayar fiba, wato zaren gilashi da ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske. Shekara uku bayan haka, a 2013, birnin Provo na jihar Utah ya sayar wa kamfanin Google tasa hanyar fiban a kan dala ɗaya tak, alhali ragowar bashin kimanin dala miliyan 39 da aka ci don gina ta yana nan a wuyan mutanen gari suna biya. Zaren gilashin da aka shimfiɗa a biranen biyu iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne lissafi da tsarin tafiyarwa, kuma nan ne duk majalisar garin da ke da irin wannan hanya, ko take shirin gina ta, ya kamata ta fi zuba ido.

Kafin a sayi ko da mita ɗaya ta waya, ku fara sanin abin da doka ta yardar muku, domin kamfanonin da suka riga ku kasuwa ba za su naɗe hannu ba. Mutanen Lafayette a jihar Louisiana sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da aikinsu a 2005, amma shari'a ta riƙe shi har 2007, kuma sai a 2009 aka fara haɗa gidaje. A jihar Colorado wata doka ta 2005, wadda aka soke a 2023, ta wajabta wa kowane gari ya nemi yardar masu zaɓe kafin ya shiga wannan harka. Garin Longmont ya faɗi ƙuri'ar a 2009, ya sake gwadawa ya ci a 2011. Saboda haka ku sa kuɗin lauya da tsawon jinkiri a cikin kasafi tun farko.

Daga nan sai ku yanke shawarar wane ɓangare na sana'ar za ku riƙe. Birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya kafa kamfaninsa mai suna Stokab a 1994, kuma aikinsa shi ne ya shimfiɗa zaren ya ba da hayarsa ga duk kamfanin da yake so, kamfanin ya kawo na'urorinsa ya haska zaren da kansa. Wannan hanya ba ta da yawan ɗawainiya, sai dai tana buƙatar gari mai kamfanoni da yawa da ke gasar neman haya. Garin Ammon a jihar Idaho ya ɗauki tsaka-tsaki: gari ne ke da wayar da na'urorin, mai gida kuwa ya zaɓi kamfanin da zai sayar masa da intanet daga cikin waɗanda ke kan hanyar, ya kuma sauya shi duk ranar da ya ga dama. Chattanooga da Longmont da garin Wilson na jihar Karolina ta Arewa su kuwa sun riƙe komai, tun daga tonon rami har amsa kiran mai ƙorafi. Ni a ganina, garin da yake da hukumar wuta ko ta ruwa tasa, wadda ta riga ta saba da aika takardar kuɗi kowane wata, tana da motoci da ma'aikata da turakun waya, ya fi dacewa ya sayar wa jama'a kai tsaye. Dalilina shi ne abin da ya faru a Provo, inda dokar jihar ta tura garin ga tsarin sari: bashin na gari ne, amma neman masu rajista da faranta musu rai yana hannun wasu kamfanoni, kuma da suka gaza kawo isassun mutane, gari ne ya ɗauki asarar.

Wannan ya kawo mu ga adadin da komai ya rataya a kansa, wato cikin gidajen da waya ta wuce ta ƙofarsu, nawa ne suka yi rajista suke biya. A ɗauka akwai layi mai gida ɗari. Kuɗin tona ramin layin da sa bututu da jan waya bai san ko gida ashirin ne suka karɓa ko sittin ba, kuma kuɗin ruwan bashin da aka ci don aikin bai sani ba. Idan ashirin ne, kowane ɗayansu yana ɗauke da nauyin gida biyar; idan sittin ne, nauyin bai kai na gida biyu ba. Don haka ku raba kuɗin aikin gida biyu a lissafinku: kuɗin wucewa ta ƙofa, wanda ake kashewa tun babu mai biya ko ɗaya, da kuɗin shiga gida, wato jan siririyar waya daga titi da sa ɗan akwatin da ke juya haske zuwa intanet, wanda ba a kashe shi sai mutum ya nema. Sa'an nan ku fitar da adadin masu rajistar da zai biya albashi da gyara da bashi, ku tambayi kanku da gaskiya ko aikin zai tsaya da ƙafarsa idan aka samu ƙasa da haka, ko kuma idan babban kamfanin da ke garin ya karya farashinsa na shekara biyu don ya hana mutane tashi. Idan amsar a'a ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi; a rage girman zangon farko har lissafin ya daidaita.

Longmont ta nuna dabara mai kyau a nan. Bayan masu zaɓe sun amince da lamunin kimanin dala miliyan 45 a 2013, hukumar wutar garin ta fara haɗa gidaje a 2014 da sunan NextLight, ta kuma yi alkawarin cewa duk wanda ya yi rajista da wuri bayan waya ta iso unguwarsa zai riƙa biyan dala 49.95 a wata don gigabit ɗaya, farashin kuma zai zauna masa. Wannan ya sa mutane suka shigo a daidai lokacin da ma'aikata ke kan layinsu, lokacin da haɗa gida ya fi araha, kuɗin shiga kuma ya fara zuwa kafin bashi ya matsa. Fiye da rabin gidajen garin suka karɓa, abin da ya zarce hasashen farko.

Ku ware asusun intanet daga baitulmalin gari, ku kuma riƙa buga rahotonsa a fili. Birnin Burlington na jihar Vermont ya ɗebi kimanin dala miliyan 17 daga asusun gari ya toshe giɓin kamfaninsa na fiba, abin ya fito fili a 2009, darajar birnin a wurin masu ba da lamuni ta faɗi, bankin Citibank ya kai ƙara, daga ƙarshe aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa. Idan hukumar wuta za ta ranta wa sashen intanet kuɗi, a rubuta rancen da kuɗin ruwansa da ranar biyansa. Idan kuma sashen wutar yana amfani da fiban, a rubuta abin da zai biya. A Chattanooga wannan amfani na gaske ne: tallafin kimanin dala miliyan 111 da EPB ta samu daga gwamnatin tarayya a 2009 na zamanantar da layukan wuta ne, kuma fiban ce ke ba na'urorin da ke kan layukan damar gano inda matsala ta auku su karkatar da wuta ta wata hanya cikin ɗan lokaci. Duk wanda zai kwaikwayi Chattanooga ya tuna cewa ta samu wannan tallafi, kada ya gina lissafinsa kamar shi ma ya samu.

Aikin yau da kullum kuwa yawancinsa kiyaye waya ne daga yankewa da saurin ɗinke ta idan ta yanke. Babban abokin gabar fiba shi ne injin tono na mai gyaran titi ko mai shimfiɗa bututun ruwa. A Amurka akwai lambar waya 811 da mai tono zai kira a zo a yi masa alamar abin da ke ƙarƙashin ƙasa, amma alamar ba za ta fi taswirar da kuka ajiye inganci ba. Ku sa a rubuta inda kowane bututu da kowane akwatin haɗi yake kamar yadda aka gina shi a zahiri, domin ɗan kwangila yakan kauce wa zanen farko idan ya ci karo da dutse, kuma kada a biya shi kuɗin ƙarshe sai ya miƙa wannan taswira tare da sakamakon gwajin kowane zare. Ku mallaki injin haɗa zare da na'urar da ke aika haske ta faɗi a mita ta nawa waya ta karye, ku horar da mutum fiye da ɗaya a kansu, ku ajiye rarar waya da akwatuna a sito. Babbar wayar da ke zagaya gari a yi ta kamar zobe, yadda idan ta yanke a wuri ɗaya saƙo zai bi ta ɗaya gefen. Cibiyar na'urori ta samu batir da janareto, a kuma riƙa tayar da shi ana gwadawa.

Haka nan kada ku dogara da hanya ɗaya ta fita zuwa duniya. Ku sayi intanet na sari daga kamfani biyu, ku kuma tabbatar cewa wayoyinsu ba su bi rami ɗaya ko gada ɗaya ba. Mutanen Najeriya da Gana ba su buƙatar dogon bayani a kan wannan, tun da sun ga abin da ya faru a watan Maris na 2024 lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace tare a gaɓar yammacin Afirka. Idan akwai cibiyar musayar intanet, wato wurin da kamfanonin intanet ke haɗa hanyoyinsu kai tsaye, kusa da ku, ku kai wayarku can, ku kuma nemi manyan kamfanoni irin su Netflix da Google su ajiye na'urorinsu na tara bidiyo a cibiyarku idan yawan masu kallonku ya kai, domin hakan yana rage abin da kuke saye daga waje sosai.

Akwai abin da injiniyoyi kan raina, alhali shi ne ke riƙe masu rajista: wanda zai ɗaga waya idan an kira. Yawancin ƙorafin "intanet ba ya sauri" daga na'urar Wi-Fi ta cikin gida yake, ko dai ta tsufa ko an ajiye ta a lungu, amma mai gida ku zai zarga. Gara ku ba da na'urar da kuka amince da ita, ma'aikacinku ya zaɓa mata wuri ranar haɗawa, ya gwada saurin a gaban mai gida kafin ya tafi.

Ku riƙa ware kuɗin sauya na'urori tun daga shekarar farko. Zaren da aka binne da kyau yana yin shekaru masu yawa, amma na'urorin da ke bakinsa biyu suna tsufa tun bashin bai ƙare ba. Tsarin GPON da garuruwa da yawa suka fara da shi yana raba kimanin gigabit biyu da rabi tsakanin gidaje 32 ko 64 da ke kan zare ɗaya. Wanda ya gaje shi, XGS-PON, yana ɗaukar kimanin gigabit 10 zuwa da dawowa, kuma ana iya ɗora shi a kan zaren nan ba tare da sabon tono ba. Da irin wannan sauyin na'urori ne EPB ta kai gigabit 10 a 2015.

Faɗaɗawa ita ce inda ɗoki kan rinjayi lissafi. Ku raba gari unguwa-unguwa, ku buɗe rajistar masu so, ku fara da inda suka cika adadin da kuka tsayar. Ammon ta tsaurara wannan: masu gidajen da suka yarda su ne ke ɗaukar kuɗin ginin, ko su biya a dunƙule ko a rarraba musu cikin shekaru a matsayin haraji a kan gidan, wanda bai shiga ba kuwa ba a ɗora masa komai, don haka gari bai ci bashin da ya dogara da hasashe ba. Ku kafa ƙa'ida cewa duk lokacin da aka fasa titi don ruwa ko kwalta, a sa bututun fiba ko da babu waya a ciki tukuna, domin tono shi ne mafi tsada a aikin. Idan ana jan waya, a ja mai zare fiye da buƙatar yau. Inda za a bi turakun wani kamfani, a nemi izini da wuri, saboda jiran a gyara turakun a buɗe muku wuri yakan ci watanni. Kuɗin izinin bin gefen hanya ma yana iya kashe aiki. Shi ya sa a Najeriya aka daɗe ana jan hankalin jihohi su tsaya a naira 145 kowace mita, jihar Kaduna kuwa ta yafe shi gaba ɗaya a 2020.

Sai dai bin masu rajista kaɗai zai bar unguwannin talakawa a baya, kuma hanyar da aka gina da sunan dukan gari ba ta da hujjar yin haka. A ware wa waɗannan unguwanni kasonsu a jadawali, a nemo kuɗinsu a fili daga rarar da aka samu ko daga tallafi. A 2020 EPB ta haɗa kai da hukumar makarantun gundumar Hamilton, inda Chattanooga take, suka fara ba ɗalibai kimanin 28,000 daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi intanet kyauta, da alkawarin shekara goma.

Fita wajen iyakar gari kuwa sai da tabbacin doka a hannu. Wilson ta fara hidimarta mai suna Greenlight a 2008, jihar ta yi doka a 2011 da ta taƙaita inda za ta iya kaiwa, hukumar sadarwa ta tarayya ta jingine dokar a 2015, sai Wilson ta kai fiba ƙaramin garin Pinetops da ke maƙwabtaka da ita. A watan Agusta na 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta soke matakin hukumar, Wilson ta koma tana ba mutanen Pinetops intanet kyauta na wani lokaci saboda doka ta hana ta karɓar kuɗinsu. Idan maƙwabtanku suka nemi ku kai musu, ku rubuta yarjejeniya da majalisarsu wadda ta fayyace wanda ya mallaki wayar, da wanda ke ɗauke da bashinta, da kuma wanda zai ci gaba da yi wa gidajen hidima idan wata doka ko kotu ta tilasta muku janyewa.