Kada class ɗinka ya riƙa ƙirƙirar komai da kansa

'Yan uwa masu rubuta kod, wani abu ne nake yawan gani kuma yana damuna. Sai ka ga mutum ya rubuta class (wato ɓangaren kod da ke ɗauke da wani aiki) mai tura imel, a cikinsa kuma ya haɗa layin database (ma'ajiyar bayanai) da kansa, ya liƙa password da komai a ciki. Ranar da ka tashi gwaji fa? Dole sai ka taɓa ainihin database ɗin, kuma da ka canja abu ɗaya sai uku su lalace.

Maganin wannan shi ne dependency injection, wanda ba wani abu ba ne illa ka miƙa wa class abin da yake buƙata daga waje, ta constructor ɗinsa (wato kod ɗin da ke fara aiki lokacin da ake ƙirƙirar abu daga class ɗin), shi kuma interface (jerin ayyukan da abin zai iya yi) kawai ya sani, bai damu da wane ne a bayanta ba. Lokacin gwaji sai ka ba shi na bogi mai ajiye bayanai a memori, ya gama cikin daƙiƙa.

Kayan gina manhaja irin su Spring da Angular da ASP.NET Core duk suna yi maka wannan haɗin, amma wallahi ka fara yi da hannunka tukuna kafin ka jingina da su, ka fi ganewa. In kuma ka ga constructor na karɓar abu 7 ko 8, class ɗin ya ɗauki aiki da yawa, raba shi.