Yadda Za Ka Zaɓi Batirin da Ya Dace da Rediyo da Tocila

Duk wanda ya tsaya gaban mai tireda a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi zai tarar da batura iri-iri waɗanda girmansu ɗaya amma kuɗinsu ya yi nisa da juna, kuma hanyar gane wannan bambanci tana cikin tarihin kamfanin Eveready na Amurka. A shekarar 1896 kamfanin National Carbon ya fitar da busasshen batir mai suna Columbia, wanda aka haɗa da tutiya da baƙin sandan kabon a tsakiya, sannan a 1914 ya sayi kamfanin American Ever Ready mai yin tocila, inda sunan Eveready ya samo asali. Matsalar wannan batir ita ce saurin mutuwa idan na'ura tana jan wuta da yawa. Wannan ne ya sa wani injiniyan kamfanin ɗan Kanada, Lewis Urry, ya ƙera batirin alkalin mai jimiri, aka kai shi kasuwa a 1959, daga baya a 1980 aka sa masa suna Energizer. Har yau waɗannan iri biyu ne ke kan teburin mai tireda.

Saboda haka, kafin ka tambayi kuɗi, ka juya batirin ka karanta lambar da ke jikinsa. Idan ka ga R6 ko R20, tsohon samfurin nan ne na tutiya, irin yawancin Tiger Head da ake kawowa daga Guangzhou ta ƙasar Sin. Idan kuwa harafin L ya zo a gaba, wato LR6 ko LR20, to alkalin ne. Lamba 6 ta ƙaramin batir ce, 20 kuma ta babba irin na rediyon dattawa, dukkansu kuwa bolt 1.5 suke bayarwa.

Bayan haka sai ka dubi aikin da za ka ba shi. Agogon bango da rimot da ƙaramar rediyon jin labaran safe ba su shan wuta sosai, don haka mai araha ya wadatar, kuma a ganina sa musu mai tsada ɓarnar kuɗi ce. Tocila mai haske da abin awon hawan jini su ne suka cancanci alkalin. Ka duba ranar ƙarewar aiki, ka kuma guji kayan da aka shanya a rana, domin zafin Maris da Afrilu yana cinye batir tun bai bar kwalinsa ba.

A gida, kada ka haɗa sabo da tsoho ko iri biyu a na'ura guda, domin mai rauni zai ƙare da wuri ya fara yoyo. Al'adar nan ta shanya mataccen batir a rana ko danna shi da haƙori ƙarfin ɗan lokaci kawai take bayarwa, ga kuma haɗarin sinadari a baki. Idan za ka ajiye rediyo na tsawon makonni, ka cire baturan. In kuwa alkalin ya riga ya zubar da farin gari a mazauninsa, ka goge da auduga da ɗan ruwan lemun tsami, ka bari ya bushe sarai, sannan ka wanke hannunka kafin ka sa sabo.