Yadda Ake Gane Ko Wani Nau'in Murjani Yana Fuskantar Ƙarewa

Murjanin da ke gina tuddai a ƙarƙashin teku halitta ce mai rai, kuma ya bambanta da jan murjanin da mata ke ado da shi, wanda asalinsa daga Bahar Rum ake samo shi. Duk mai son sanin halin da wani nau'insa yake ciki, sai ya fara da neman sunansa na kimiyya, domin sunan da masunta ko 'yan kasuwa ke kiransa da shi yakan sauya daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Idan sunan ya samu, a shigar da shi a shafin intanet na Jan Kundi, wato jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, a dubi haruffan da aka liƙa masa. VU na nufin yana da rauni, EN na nufin yana cikin haɗari, CR kuwa na nufin yana gab da ƙarewa. Wanda ya gwada da Acropora palmata ko Acropora cervicornis, murjanai masu rassa kamar ƙahon barewa da ke tekun Karibiyan, zai tarar dukansu biyu CR ne. Haruffan DD suna nuna ƙarancin bayani ne kawai, saboda haka kada a ɗauke su a matsayin shaidar lafiya.

Abin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi kome muhimmanci, shi ne shekarar da aka yi tantancewar. A 2008 kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in ne ke cikin barazana, amma a Nuwamban 2024, da aka sake duba nau'o'i 892 na ruwan ɗumi, adadin ya kai kashi 44 cikin ɗari. Dalili mafi girma shi ne zafin ruwa: idan ya zarce na lokacin zafi da digiri ɗaya kacal har tsawon makonni, murjani yakan kori ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, sai ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu.

Daga nan sai a binciki dokar cinikinsa. Duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin Rataye na Biyu (jerin halittun da ake sa ido kan cinikinsu) na CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran daji, don haka wanda aka yi wa tayinsa a bakin Bahar Maliya, a Jidda ko a Fot Sudan, ya sani cewa ƙetare iyaka da shi sai da takardar izini.